Kuɗin toshiyar baki: Dokokin da ke kwance wa waɗanda aka ci zarafinsu takunkumi

A shekarar 1998, Zelda Perkins tana aiki a matsayin mataimakiya ga Harvey Weinstein, hamshaƙin mai shirya finafinai ɗan Amurka, a ofishin kamfanin Miramax da ke Landan. Wata abokiyar aikinta ta shaida mata cewa maigidan nasu ya yi yunƙurin yi mata fyaɗe lokacin bikin finafinai na birnin Venice. Su biyun suka ajiye aiki, suka ɗauki lauyoyi. Aka tashi da sulhu a kan fam 250,000 da suka raba daidai, haɗe da wata takarda da suka sa wa hannu.

Takardar ta haramta musu ba kowa labarin abin da ya faru. Ko likita Perkins za ta gani a kan lamarin, sai shi ma ya sa hannu cewa zai yi shiru. Kwafin takardar ma ba a yarda ta riƙe ba. Shekara 19 bakinta a ɗaure, har watan Oktoban 2017 da ta fasa ƙwai a jaridar Financial Times. Weinstein ya musanta zargin, amma a 2022 wata kotu a Los Angeles ta same shi da laifin fyaɗe a wata shari'a daban, aka yanke masa ɗaurin shekara 16.

Asalin irin wannan yarjejeniya ba mugun abu ba ne. An ƙirƙire ta domin kare sirrin kasuwanci, kuma duk ma'aikacin da ya taɓa rantsuwar riƙe sirrin ofis ya san amfaninta. Ɓarnar ta faro ne daga lokacin da aka mayar da ita murfin laifi. Idan kowace mace da aka ci zarafinta ta karɓi kuɗi ta yi shiru, ba ta san da sauran ba, wadda za ta gaje ta a kujera kuwa ba mai yi mata kashedi.

Jihar California ta Amurka na cikin waɗanda suka fara ɗaukar mataki. A 2018 ta hana ɓoye bayanan ƙarar cin zarafi ta hanyar lalata a cikin takardar sulhu. A ranar 7 ga Disamban 2022, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar tarayya mai suna Speak Out Act, bayan Majalisar Wakilai ta amince da ita da ƙuri'a 315, wasu 109 suka ƙi. Sai dai dokar tana da iyaka: ta rushe sharaɗin shiru ne kawai idan an sa masa hannu kafin rikici ya taso, kamar a takardar ɗaukar aiki. Wanda aka ƙulla a teburin sulhu, irin na Perkins, ba ta taɓa shi ba.

Wannan giɓi ne jihar Texas ta cike. Trey Carlock yana yaro lokacin da wani jami'in sansanin yara na Kanakuk da ke jihar Missouri ya yi lalata da shi. Ya kai ƙara, aka yi sulhu da sharaɗin ya yi shiru. A 2019 ya kashe kansa yana ɗan shekara 28. 'Yar'uwarsa Elizabeth Phillips ta bi majalisun jihohi da maganar, har aka yi dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta fara aiki a Texas ranar 1 ga Satumban 2025. A ƙarƙashinta, ana iya ɓoye adadin kuɗin diyya, amma ba a isa a hana mutum faɗin abin da aka yi masa ba.

Akwai lauyoyin da ke ganin irin waɗannan dokoki na iya cutar da wanda ake son karewa. Hujjarsu ita ce, shiru shi ne abin da mai ƙara ke da shi na ciniki. Idan kamfani ba zai samu rufin asiri ba, zai gwammace a daɗe ana jan shari'a. Wasu kuma da aka ci zarafinsu su da kansu ba sa son a ji sunansu.

Ƙasar Ireland ta amsa wannan ƙorafi da dokarta ta 2024. Sharaɗin shiru a kan tsangwama ko wariya a wurin aiki ba shi da ƙarfi, sai idan ma'aikacin ne da kansa ya nema, ya samu shawarar lauya mai zaman kansa da kuɗin ma'aikatar, kuma yana da kwana 14 na janyewa ba tare da tara ba. Wato rufin asiri ya zama haƙƙin wanda aka zalunta, ya daina zama abin da mai kuɗi ke saye.

Ita kuwa Perkins, a 2021 ta haɗu da Farfesa Julie Macfarlane suka kafa gangamin Can't Buy My Silence. A watan Yulin 2025, gwamnatin Birtaniya ta sanar da gyara a ƙudurin dokar haƙƙin ma'aikata domin soke irin takardar da ta sa wa hannu shekara 27 kafin nan.