Akuyar Yahuza: Yadda Ɗabi'ar Bin Garke Ta Zama Tarko

Duk wanda ya taɓa kallon tumaki a kan hanyar kiwo ya san cewa da zarar ɗaya ta ketare kwalbati, sauran za su bi ta ba tare da sun duba abin da ke gaba ba. Masana ilmin halittu suna ganin wannan ɗabi'a a matsayin garkuwa, domin dabbar da ke tsakiyar garke ta fi wadda ta ware tsira daga kura ko damisa. Ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma ɗan Adam ya gano cewa ana iya juya garkuwar ta koma tarko.

A manyan mayankan Amurka na da, mahauta sukan horar da akuya ta saba da hanyar da ta tashi daga shingen dabbobi zuwa wurin yanka. Sai a sa ta gaba, tumaki su bi ta cikin natsuwa. Idan an isa ƙofa, sai ta ratse gefe ta koma ɗauko wasu. Wannan ya sa aka laƙaba mata suna akuyar Yahuza, wato almajirin nan da littafin Kirista ya ce ya ci amanar Annabi Isa (A.S.).

Daga baya masu kare muhalli suka ari dabarar, kuma inda ta fi yin suna shi ne tsibiran Galapagos na ƙasar Ikwado, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar Kudancin Amurka. Tsibiran nan gida ne ga manyan kunkuran da Charles Darwin ya gani a 1835. Matuƙa jiragen ruwa da masunta ne suka kai awaki can, su kuwa suka hayayyafa tun da babu mai farautarsu. A tsibirin Pinta, awaki 3 da aka saki a 1959 sun zama dubbai masu yawa cikin 'yan shekaru. Suka cinye ciyawa da ƙananan itatuwa, kunkuru ya rasa abinci da inuwa, ruwan sama ya riƙa zaizaye ƙasa.

Tsakanin 1997 da 2006 aka gudanar da Shirin Isabela domin kawar da awakin. Da farko aikin ya zo da sauƙi, maharba suna harbi daga ƙasa da kuma jirgi mai saukar ungulu. To, amma da awakin suka ragu, sai waɗanda suka saura suka koyi ɓuya cikin kurmi da koguna. Barin ko kaɗan ne kuwa zai mayar da hannun agogo baya.

A nan akuyar Yahuza ta yi rana. Akan kama akuya, a yi mata aikin hana haihuwa, a ɗaura mata na'urar rediyo a wuya, sannan a sake ta. Da yake akuya ba ta jure kaɗaici, sai ta shiga neman 'yan'uwanta. Maharba su bi saƙon na'urar, su harbe garken, su ƙyale ta ta sake fita nema. Wasu matan ma akan sa musu sinadarin da ke tsawaita lokacin son barbara domin su jawo bunsurai. A lura, wannan akuya ba ta bukatar horo irin na mayanka. Halinta na asali shi ke yin aikin.

A ƙarshen shirin an kawar da awaki fiye da 140,000, tsirrai suka farfaɗo. Sai dai taimakon bai riski kunkurun Pinta ba, domin na ƙarshensu ya mutu a 2012. Ya kamata ɗalibai su riƙe wannan: sakin baƙuwar dabba a sabon muhalli aikin yini ɗaya ne, gyara ɓarnarta kuwa yakan ci shekaru da dukiya mai yawa.