Me Ya Sa Salula Ke Rage Gudu Idan Rana Ta Take a Maradi?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu gyaran salula a babbar kasuwar Maradi lokacin bazara ya san kukan da aka fi kawowa: "Malam, wayata ta ɗau zafi, ta koma tafiyar hawainiya." Mai gyara ya kwance ya duba, sau da yawa ba ya ganin abin da ya lalace. Wayar ce da kanta ta sassauta totur, kuma da dalilinta.

A cikin kowace waya da kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa, wadda masu sana'a ke kira furosesa. Tana aiki ne da bugu kamar zuciya, kuma a wayoyin Tecno, Itel da Infinix da suka cika hannun jama'a, bugun kan kai kusan biliyan 2 a daƙiƙa ɗaya. Sai dai gudu ba kyauta ba ne. Kafin ƙwaƙwalwa ta ƙara sauri sai an ƙara mata ƙarfin wuta, kuma idan ƙarfin ya ninka biyu, abin da take ci yakan ninka huɗu, ban da abin da saurin kansa ke ƙarawa. Duk wutar da ta ci kuwa zafi take komawa. Ɗan kabu-kabun da ke jigila tsakanin Maradi da Tibirin Gobir ya san wannan karatu: wanda ya murɗe totur har ƙarshe zai riga kowa isa, amma mai zai ƙare da wuri, inji kuma ya gasu.

To, wa ke riƙe da totur a cikin waya? Manhajar Android an gina ta ne a kan Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finlan a 1991. A cikin zuciyar Linux akwai direba mai isar da umarni ga ƙwaƙwalwa, akwai kuma mai yanke shawarar saurin, wanda marubutan manhajar suka laƙaba wa suna gwamna. Gwamnonin halinsu ya sha bamban. Wani yakan ajiye gudu a ƙololuwa ko da aiki ko babu. Wani yakan danne shi a ƙasa don tattalin batir. Wani kuma yakan leƙa lokaci-lokaci, in ya ga aiki ya taru ya ƙara, in ya ragu ya sassauta. A 2016 aka shigo da mai suna schedutil, wanda ba ya jiran leƙe: kai tsaye yake samun labari daga sashen da ke rarraba ayyuka.

A kwamfutoci kuwa tambayar ta ƙara zurfi. Tun 2015 kamfanin Intel ya fara ƙera ƙwaƙwalwar da ke iya zaɓar saurinta da kanta, kuma direbansa yana da salo biyu. A na farko ƙwaƙwalwa ce ke tuƙi, manhaja sai dai ta gaya mata abin da ta fi so, sauri ko tattali. A na biyu gwamna ne ke ba da umarni, ita kuma ta bi. Direban kamfanin AMD, wanda ya shiga Linux a 2022, daga baya ya samu salo na uku: manhaja ta shata iyakar ƙasa da ta sama, ƙwaƙwalwa ta yi zaɓinta a tsakani. Bisa dukansu akwai mai gadin zafi, wanda idan jiki ya ɗume yakan rage gudu ko gwamna ya so ko bai so ba.

Wannan mai gadi shi ke aiki a Maradi, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Manomin zogale a fadamar Jiratawa da ya yini da waya a aljihu cikin rana, ko matashin da ke kallon bidiyo alhali waya na kan caji, su ne suka fi gamuwa da shi. Maganin ba tsada: a ajiye ta a inuwa, a cire mata riga idan ta ɗume, a bar ta ta huta lokacin caji, a kunna tsarin tattalin batir idan za a yi nisa da wuta. Mutanen garin nan sun san darajar kowane ɗigon caji tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar na tsawon watanni.

Abin da ya fi damuna shi ne, akasarin masu auna waɗannan salo suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, ɗaki kuma da sanyi. Alhali Linux a buɗe take, kowa na iya karanta ta, ya gwada, ya aika gyara. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai tsohuwar kwamfuta zai iya sauya gwamna da umarni guda, ya auna awa nawa batir ya yi, ya rubuta zafin da ya gani da tsakar rana. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Irin wannan awo daga Maradi ya kamata ya fito, kuma yaranmu ne ya dace su yi shi.