Ɓera da Ƙurajen Leɓe

Ƙurajen da kan feso a leɓe bayan zazzaɓi ba zazzaɓin ne ya kawo su ba, tayar da su ya ke yi. Ƙwayar cutar, watau harfis, takan kwanta a jijiyar fuska tun ƙuruciya. A jikin ɓeraye ne masana suka tabbatar da wannan ɓuya tata a jijiya, cikin 1971.

Bayan Gertrude Elion da abokan aikinta sun bayyana maganin acyclovir a 1977, sai aka gwada shi a fuskokin ɓeraye masu cutar. Wanda aka shafa wa da wuri ya fi saurin warkewa. Amma fa maganin ba ya taɓa ƙwayar da ta riga ta kwanta, sai tana hayayyafa ya ke kama ta. Shi ya sa likita kan ce a fara shafawa tun leɓe yana ƙaiƙayi.