Majiyyaci da Sakamakon Hotonsa: Ra'ayoyin Jama'a a Amurka

Gabatarwa

Tun bayan shekarar 1895, lokacin da Wilhelm Rontgen na ƙasar Jamus ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, al'adar asibiti ita ce sakamakon hoto ya bi ta hannun likita kafin ya isa ga mai jiki. Ƙwararren likitan hoto shi ke rubuta rahoto, ya aika wa likitan da ya turo majiyyacin, shi kuma ya yi masa bayani baki da baki. A Amurka wannan tsari ya sauya. A shekarar 2016 aka sa hannu kan wata dokar kiwon lafiya wadda ta hana a toshe wa majiyyaci bayanan lafiyarsa, aka kuma fara aiki da wannan hani a watan Afrilu na 2021. Daga nan rahoton hoto yakan iso wayar majiyyaci da zarar an kammala shi, sau da yawa tun likitansa bai gani ba.

Masu Goyon Baya

Hujjar waɗannan ita ce jiki na mai shi ne, don haka babu dalilin da zai sa ya zama na ƙarshe wajen sanin abin da ke cikinsa. A ganinsu zaman jira na kwanaki cikin zullumi ya fi mugun labari cin rai, domin rashin sani ya fi dare duhu. Har ila yau, wanda ya karanta rahoto da wuri yakan shirya tambayoyinsa kafin ranar ganin likita, ko ya nemi shawarar wani likitan. Wani bincike da aka buga a 2023, wanda ya ji ta bakin mutum fiye da 8,000 a manyan asibitocin koyarwa huɗu game da sakamakon gwaje-gwaje, ya nuna kimanin kashi 96 cikin ɗari sun fi son samunsa nan take, ko da likita bai duba ba. Sai dai waɗanda aka tambaya mutane ne da suka riga suka saba duba sakamako ta intanet.

Masu Ɗari-ɗari

Su kuwa waɗannan cewa suke yi rahoton hoto wasiƙa ce daga likita zuwa ga likita, cike da kalmomin sana'a. Ɗan ƙullutu marar illa da aka ambata a hanta ko huhu yana iya hana mutum barci. Abin da ya fi wannan muni shi ne mutum ya ci karo da labarin ciwon daji da dare, shi kaɗai, babu wanda zai tambaya sai an wayi gari. Binciken da aka ambata ma ya nuna fargaba ta fi yawa ga waɗanda sakamakonsu ya nuna matsala. Saboda irin wannan ne jihar Kentaki ta yi doka a 2022, wadda ta sa a jinkirta sakin rahoton da ke iya nuna ciwon daji na sa'o'i 72, domin likita ya samu damar yin magana da majiyyaci tukuna.

Kammalawa

Idan aka auna ra'ayoyin biyu za a ga saɓanin bai shafi haƙƙin sani ba, kusan kowa ya yarda da shi. Abin da ake jayayya a kai shi ne tazarar da ke tsakanin ganin rahoto da fahimtarsa. Wannan tazara kuwa tana raguwa ne idan likita ya faɗa wa majiyyaci abin da hoton ke iya nunawa tun kafin a ɗauka, ya tambaye shi yadda yake son jin sakamakon, sannan a haɗa rahoton da taƙaitaccen bayani cikin harshen da kowa ke ganewa.