Wasiƙun mai zane da matar da ta adana su

Vincent van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, ya mutu a watan Yulin 1890 yana da shekara 37, shekara 10 kacal bayan ya rungumi sana'ar. Yau attajiran duniya ke rububin zanensa. Amma da yawa daga abin da aka sani game da yadda yake aiki, daga wasiƙunsa aka samo. Sama da 800 sun tsira, kuma fiye da 600 daga cikinsu ƙanensa Theo ya rubuta wa.

Theo dillalin zane ne a Paris, shi ne kuma ke riƙe da wan nasa. Duk wata yakan aika masa kuɗin haya da abinci da fenti. Shi ya sa a takarda ɗaya za ka tarar da roƙon kuɗi, da jerin launukan da suka ƙare masa, da bayani mai zurfi kan yadda shuɗi ke ƙara wa ruwan lemo haske idan aka jera su. Daga garin Arles, a Oktoban 1888, ya aika wa Theo ƙaramin zanen ɗakin kwanansa cikin wasiƙa, yana faɗin launin bango da na gado da na bargo, tun kafin Theo ya ga aikin da idonsa. Wanda ya karanta irin wannan zai daina ɗaukarsa mahaukacin da ke watsa fenti kawai, kamar yadda ake yawan bayar da labarinsa. Ya yi fama da taɓin hankali, gaskiya ne, amma da lissafi yake aiki.

Shi Vincent bai damu da ajiya ba, wasiƙun Theo kusan 40 ne kawai suka rage. Theo kuwa duk wadda ta zo sai ya adana. Wata shida bayan wansa shi ma ya rasu, ya bar matarsa Johanna da jariri da tarin zanen da kasuwa ba ta nema. Ita ta zauna ta jera wasiƙun, da yawansu ba kwanan wata, ta buga su a 1914. A ganina, rabin sunan Van Gogh aikin wannan mata ne.

A Yamai mun san darajar tsohuwar takarda. Marubucin nan Boubou Hama ya tara rubuce-rubucen Larabci da Ajami, dubbansu suna cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni. Gidan tarihin ƙasa mai ɗauke da sunansa, wanda aka kafa a 1959, cike yake da masu sana'ar hannu. To ina takardun masu zanenmu, irin su Rissa Ixa, da ma masu zanen allon shago da jikin mota? Yanzu ciniki da shawara da kukan rashin kuɗi duk a saƙon muryar WhatsApp ake yin su, waya ta ɓace, shi ke nan.

Iyalan masu zane, kada ku ba mai ƙosai littafin da mahaifinku yake gwajin zane a ciki. Ku sa shi a akwati, nesa da gara da damshi, tare da rasit da katin gayyatar baje koli da duk wata wasiƙa, ku rubuta shekara a kan kowace.