Suna ko Jiki: Bin Diddigin Asalin Wani Tsohon Kan Jirgi

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. To, amma idan aka cire linzamin wani doki aka sa wa wani, sai mai hange daga nesa ya ruɗe. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda irin wannan ruɗani ya auku a kan wani kan jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi a Ingila, da kuma hujjar da aka dogara da ita wajen warware shi.

2.0 'Yan Gida Ɗaya

Daga 1928 zuwa 1943 kamfanin jiragen ƙasa na Great Western ya ƙera kawunan jirgi iri ɗaya fiye da 250 a ma'aikatarsa ta garin Swindon, bisa tsarin injiniya Charles Collett. Ana kiran su dangin Hall, kuma kowanne yana da allon suna da allon lamba a jikinsa. Biyu daga cikinsu su ne abin nazarinmu: mai lamba 4965, wato Rood Ashton Hall, wanda aka ƙera cikin 1929, da mai lamba 4983, wato Albert Hall, na 1931.

Bisa ga abin da ke rubuce, an soke 4965 daga aiki cikin 1962, aka yanyanka shi. Shi kuwa 4983 ya ci gaba da jan taragu har ƙarshen 1963, sa'an nan aka sayar da shi ga kamfanin Woodham, masu sayen tsofaffin ƙarafa a garin Barry na ƙasar Wales. Su waɗannan mutane sun fi mai da hankali ga yankan taragu, saboda haka kawunan jirgi suka yi ta zama a filinsu, har masu sha'awar tarihi suka sami damar fansar guda 213. A 1970 aka sayi wanda kowa ya sani da Albert Hall, aka kai shi Tyseley cikin birnin Birmingham domin a raya shi.

3.0 Shaidar Ƙarfe

Al'adar ma'aikatan Swindon ce su buga lambar jirgi a jikin sassansa, domin in an warware shi wajen gyara kowane sashe ya koma mazauninsa. Da masu gyara a Tyseley suka kankare tsatsa da tsohon fenti, sai suka tarar da lambobi iri biyu: wasu sassa suna ɗauke da 4983, wasu kuwa 4965. Babban abin mamaki shi ne, firam ɗin kansa na 4965 ne, wato jirgin da takarda ta ce ya daɗe da zama tarkace. Bincike ya nuna cewa cikin 1962 jiragen biyu sun haɗu a Swindon, aka harhaɗa guda ɗaya mai lafiya daga sassansu, aka maƙala masa allunan Albert Hall.

4.0 Dalilin Fifita Firam

Mai karatu zai iya tambaya: tun da sassan a gauraye suke, don me aka bi firam aka bar saura? Amsar tana cikin yadda ake gyara. Tukunyar da ake tafasa ruwa a ciki ita ce sashen da ido ya fi gani, amma gyaranta yana ɗaukar lokaci mai tsawo. Da yake kamfanin ya daidaita awon sassansa, sai a sauke tukunya a ɗora wata gyararriya nan take, jirgi ya koma bakin aiki. Haka ma taragon kwal da ruwa da ke biye da shi, ana musanya shi. Firam kuwa, wato dogayen ƙarafa masu kauri waɗanda suke ɗauke da tukunya, suke kuma riƙe da ƙafafu, shi ne ya fi daɗewa tare da jirgi. Duk wanda ya taɓa sayen keke a hannu ya san lambar firam ake dubawa, ba sirdi ko ƙararrawa ba. Bisa wannan ƙa'ida, sa'ad da jirgin ya sake tashi cikin 1998, da sunan Rood Ashton Hall ya fito.

Musayar alluna ba baƙon abu ba ne a wannan ma'aikata. Alal misali, a watan Fabrairu na 1952, lokacin jana'izar Sarki Joji na Shida, an so 4082, wato Windsor Castle, ya ja jirgin gawa, domin shi ya ja ta mahaifinsa cikin 1936. Da aka tarar yana wurin gyara, sai aka cire allunansa aka sa wa 7013, wato Bristol Castle, wanda aka ƙera cikin 1948. Ba a sake mayar wa kowa nasa ba har aka daina aiki da su.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, shaidu uku ne suka hallara a wannan shari'a: allo, da takarda, da ƙarfe. Biyu na farko bakinsu ɗaya ne, amma dukkansu kuskure suka faɗa, domin takarda daga allo ta kwafo. Ashe yawan shaidu ba shi ne ƙarfin hujja ba, in dai daga rijiya ɗaya suka sha. Duk da haka, ya kamata a lura cewa fifita firam yarjejeniya ce ta masu sana'a, domin jirgin da aka raya ya gaji sassa daga Albert Hall ma. Aikin mai bincike shi ne ya faɗi ƙa'idar da ya bi, ya kuma bayyana abin da ƙa'idar ta bari a baya.