Araha ba ta ado: kafin ki sayi kwamfuta mai sauƙin kuɗi

Kwanakin baya, cikin shirinmu na ƴan kasuwa a gidan rediyo, wata Hajiya mai saida zannuwa a babbar kasuwar Maraɗi ta kira mu rai a ɓace. Ɗanta ya sayo mata kwamfuta sabuwa fil a kan kuɗi kaɗan, ya zuba mata lissafin shago da sunayen duk waɗanda take bi bashi. Ba ta shekara ba, wata safiya ta ƙi tashi. Mai gyara ya buɗe ta, ya ce babu abin da za a iya fitarwa. Littafin bashin kuwa tuni an daina rubuta shi.

Na zaga wajen masu gyara don jin dalili. Kwamfutocin araha iri biyu ne a kasuwanninmu. Akwai sababbi masu ƙaramin inji, waɗanda ma'ajiyarsu ba ta wuce giga 32 ko 64 ba. A yawancinsu an like ma'ajiyar ne a jikin allon injin da dalma, ba ta cirowa. In allon ya ƙone, sau da yawa da abin da ke ciki yake tafiya. Akwai kuma na hannu da ake kawowa daga Turai, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a ofisoshi. Waɗannan sun fi ƙwari kuma suna gyaruwa, amma batirinsu da fankarsu sun riga sun gaji.

Ga kuma yanayin ƙasarmu. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, injin ya yi zafi ya riƙa mutuwa da kansa. Wutar lantarki da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi ita ma tana ƙona caja, wani lokaci har da allon.

Wani abin lura: ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin injunan da aka ƙera kafin 2017. Tsohuwar kwamfuta za ta ci gaba da aiki, amma in ana shiga intanet da ita, ɓarayin zamani sun fi samun ƙofa.

Saboda haka, ƴar'uwa, in za ki saya, tafi da wanda ya san kan abin. A kunna ta gabanki, a zare caja a ga minti nawa batirin zai riƙe. A tambaya ko ma'ajiyarta tana cirowa. A karɓi takardar saye mai ɗauke da wa'adin garanti, don alkawarin baki ba ya zama shaida. A haɗa da na'urar daidaita wuta, a riƙa kai ta ana hure mata ƙura.

Mafi muhimmanci, kowace Juma'a a kwafe lissafi a makullin USB, a ajiye shi gida. Kuma kar a yar da littafi da biro. Hajiyar nan har yanzu tana bin masu bashinta ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya, wanda bai ji ba ya ce ya biya. Allah shi tsare mana dukiyarmu, amin.